Jirgin Baba Arzika

Tun asalatu ya tashe ni, ko sallama babu:
"Tashi, yarinya, kada jirgi ya bar mu."
Jirgi a Tawa!
Garin da ko ƙusar dogo ba a taɓa kafawa ba.
Ban yi gardama ba.
Likita ya ce a daina yi masa gardama.

Shekara ashirin da biyu ya yi a Faraku
yana ɗaga jar tuta, yana sauke koriya,
ya dawo da usur guda, da tari,
da agogon da ya tsaya tun ina goye.
Yanzu sunana ma sai ya lalube shi
kamar mai neman allura a aljihun babbar riga,
amma lokacin tashin jirgi bai ɓace masa ba:
shida da kwata.

Na dama fura, na ƙulle goro biyar a gefen zane.
Motar Ƙonni ce, kujera sha tara,
ta haɗiye mutum ashirin da shida, da rago a bisa.
Baba ya duba tikiti, ya ce tarago na biyu ne.
Yaron mota ya buɗe baki,
na ƙifta masa ido,
ya mayar da dariyar ciki:
"Tarago na biyu, tsoho, ga gefen taga."

Baba ya busa usur.
Direba ya waiwayo, ya dube mu,
sai kuwa ya ja.

A Badagishiri ya miƙa wuya ya kira sunan tasha.
Wata mai jego ta soma yi wa ɗanta
cuku-cuku, cuku-cuku,
wani ɗan kasuwar albasa ya karɓa da tafi a gwiwa.
Kafin Tsarnawa
babu wanda ke cikin mota kuma,
duk muna bisa ƙarfe,
har ragon sama yana ba mu jiniya.

Daga Ƙonni, amalanken jaki.
Wannan bai ba shi suna ba.

Dutsen bai kai yadda yake faɗa ba.
Baƙi ne, ya tsage a tsakiya,
tsamiya ta kafa ƙafa a tsagin,
gashin kaza ya manne a wani lungu.
Mai tsaron wurin, Nomau, haƙori uku,
ya nuna takalmanmu da sanda, bai ce uffan ba.

Ni mai salla ce. Shi ma haka, goshinsa shaida.
Na tsaya nesa ina ta'awizi a zuci,
ina lissafin abin da zan ce wa maƙwabta.
Bai roƙi komai ba.
Bai durƙusa ba.
Tafin hannu kawai ya ɗora,
kamar mai jin zazzaɓin yaro,
ya ce: "Nan Tamo ta kawo ni ina ɗan bakwai."

Sai sunaye suka ɓalle.
Tamo 'yar Baraka, Baraka 'yar Dije mai baba,
Dije 'yar wadda ta haƙa rijiyar gabas,
tarago bayan tarago, babu wanda ya goce,
mata bakwai a jere,
sannan ya juyo, ido tar,
ya ce: "Sai ke, Hajo."

Bai lalube shi ba.

Goron nan biyar na ba Nomau,
don hannuna ya rasa abin yi.

Da muka juyo ya yi barci a kafaɗata,
usur na lilo a ƙirjinsa.
Fitilun Tawa suka taso bayan isha.
Ya farka, ya kai agogon nan kusa da ido,
ya ce wa direba: "Minti goma ka makara."
Direba ya cire hula ya ba da haƙuri.

A ƙofar gida ya tambaye ni
'yar wane ce ni,
kuma wa zai biya ni ladan rakiya.